Sugana ya sauka tun kafin ƙibar ta sauka

Na daɗe ina son in rubuta wannan amma kullum sai in fasa, saboda maganar ƙiba magana ce da mutum ke jin nauyin yi ko da da ɗan uwansa ne balle a bainar jama'a. Abin da ya sa na daure shi ne wata baiwar Allah da muka haɗu a layin ganin likita watan jiya, ta ga tsohon hotona a waya ta ce wallahi ba ni ba ce, da na ce mata tiyatar rage ƙiba aka yi min sai ta yi shiru can ta ce ai ita ta ɗauka wannan aikin na masu son gyaran jiki ne, masu neman kwalliya. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru kuma wannan tunanin ya kusa kai ni ƙasa.

Shekarata 44 lokacin da aka yi min aikin, yanzu shekara huɗu kenan da 'yan watanni. Nauyina a lokacin kilo 118, tsayina mita 1.63, idan aka yi lissafin nan da suke kira BMI, wato a raba nauyi da tsayi sau tsayi, nawa ya haura 44. Likitoci daga 30 suke cewa ƙiba ta zama ciwo, daga 40 kuma ta yi tsanani. Ina da ciwon suga na shekara shida, ina shan metformin safe da dare, a shekarar ƙarshe aka ƙara min allurar insulin, ga hawan jini da nake sha wa ƙwaya kala uku, ga maganin kolestarol. Jakata kullum tana ƙarar ƙwayoyi. Da daddare kuma munshari, maigida ya sha tashina yana cewa numfashina na ɗaukewa sai na yi kamar an shaƙe ni sannan ya dawo, ni kuwa ban san ana yi ba, abin da na sani kawai ina tashi da ciwon kai kuma da rana ko a zaune nake barci na fizgata.

Kuma kar wani ya ce ban yi ƙoƙari ba dan Allah. Na yi. Na rage abinci har sai da na riƙa ganin jiri, na yi tafiyar ƙafa da asuba wata da watanni gwiwata na ciwo ina daurewa, na taɓa sauke kilo 14 na yi murna kamar me, shekara ba ta zagayo ba suka dawo har da ƙari. Sau uku ana haka. Duk dawowar da za su yi sai in ƙara tsanar kaina, in ce ni ce mara zuciya ni ce na kasa riƙe bakina, mutane ma haka suke gani ko ba su faɗa ba kina gani a idonsu.

Abin da ya girgiza ni rasuwar Yayana ce. Shekararsa 51, shi ma mai jiki ne, shi ma suga da hawan jini, ranar lafiya lau ya fita ya dawo, da dare ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, ya ɗauka ƙwannafi ne ya sha ruwa ya kwanta, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa Ya yi masa rahama. Likitan da ya duba shi ya ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Bayan an share makoki Mama ta kira ni ɗaki ta riƙe hannuna ta ce 'yar nan, na binne ɗaya, ki yi wa Allah ki nemi magani, ba zan iya na biyu ba. Har yau in na tuna muryarta a ranar sai idona ya kawo ruwa.

Da na koma wajen likitata awon HbA1c ɗina 9.2 ya nuna. Ga wanda bai sani ba wannan awon shi ke nuna yadda suga ya zauna a jini cikin wajen wata uku da suka wuce, ba irin na yatsa ba da ke nuna na wannan lokacin kawai, daga 6.5 ake cewa mutum na da ciwon suga. To ni ina 9.2 duk da allura. Ta dube ni ta ce Hajiya juya in ga bayan wuyanki, na juya, ta taɓa baƙin nan mai kauri da ya zagaye min wuya wanda na shekara ina dirza da soso ina zaton dauɗa ce, ta ce wannan ba dauɗa ba ce, alama ce ta insulin ya yi yawa a jininki. Na ce likita ya za a yi ya yi yawa bayan ke kika ce in riƙa yin allurarsa?

Bayanin da ta yi min a ranar shi ya canza min komai. Ta ce insulin kamar ɗan aike ne da wata gaɓa a ciki mai suna fankiriyas ke turawa bayan an ci abinci, ya je ya yi sallama a ƙofar tsoka da hanta da kitse ya ce ga suga nan ku karɓa. A jikin mai lafiya sallama ɗaya ake amsawa. A jikina kuwa masu gidan sun daina amsa sallama, sai fankiriyas ta ƙara turo 'yan aike, biyu, biyar, goma, su taru a ƙofa suna ta sallama sannan a ɗan buɗe. Shekaru ana haka suga bai hau ba saboda fankiriyas na iya biyan bukata, ranar da ta gaji ta kasa ranar suga ya fara taruwa a jini. Wato ciwon ya daɗe a jikina tun kafin a gano shi. Kuma abin da ke toshe kunnen masu gidan, babba a ciki kitsen da ya taru a cikin ciki ne, wanda ya lulluɓe hanji ya shiga cikin hanta kanta, ba wanda ake damƙa a cinya ko damtse ba.

Sai ta haɗa min shi da zuciya, a nan ne jikina ya yi sanyi. Ta ce insulin mai yawa yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau. Hantar da ta cika da kitse tana zuba wani maiƙo a jini da suke kira tiragilisarayid, kolestarol mai kyau ya ragu, mara kyan ya riƙa shigewa bangon jijiya. Sugan da ke yawo yana goge cikin jijiyoyin jini kamar yashi, shi kuma kitsen ciki yana sakin abubuwan da ke kawo kumburi na ɓoye wanda ba a ji ba a gani. Ga ɗaukewar numfashi da dare, duk ɗaukewar da zai yi sai iska ta ragu a jini zuciya ta zabura jini ya hau. Ga ita zuciyar kanta tana tura jini a jiki mai kilo 118 ba hutu har bangonta ya yi kauri. Duk waɗannan da nake ɗauka cututtuka ne daban-daban kowanne da ƙwayarsa, ashe jijiyarsu ɗaya. Kuma duk hanya ɗaya suka nufa, hanyar da Yaya ya bi.

Ita ta fara kawo maganar tiyata. Na ce a'a kai tsaye. Na ce a yanke min ciki saboda na kasa rage cin abinci, ai wannan abin kunya ne. Ba ta yi min gardama ba, ta ce in je in yi tunani, ta ce abu ɗaya kawai zan gaya miki, jiki yana kare nauyin da ya saba da shi, in kin rage sai ya ƙara miki yunwa ya rage ƙona abin da kika ci har sai ya mayar da ke inda kike, wannan halitta ce ba rashin zuciya ba. Wallahi ban taɓa jin wani ya faɗa min haka ba a rayuwata. A mota na zauna na yi kuka mai isata kafin na iya tafiya.

Wata biyar na yi ina karatu ina tambaya, 'yata babba tana taya ni da abin da ya fi ƙarfin turancina. Na gano abin ba sabo ba ne. Tun 1995 wani likitan tiyata a Amurka mai suna Walter Pories ya wallafa cewa mutanen da yake wa aikin sugansu na daidaita cikin kwanaki, tun kafin su rage wani nauyin kirki. A Suwidin kuma akwai wani bincike da ake kira SOS da aka fara a 1987, mutum sama da 4,000, rabi aka yi musu tiyata rabi suka ci gaba da kulawar da aka saba, aka bi su shekara da shekaru, a 2007 suka fitar da cewa mutuwa ta ragu da kashi 29 cikin 100 a waɗanda aka yi wa aiki, a 2012 kuma suka nuna bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu a cikinsu. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na asibitin Cleveland da ke Amurka, mai suna STAMPEDE, saboda masu suga ne kamar ni, mutum 150 aka raba su ta ƙuri'a, bayan shekara biyar waɗanda HbA1c ɗinsu ya sauka zuwa 6 ko ƙasa, kashi 29 ne a masu aikin karkatar da hanji, kashi 23 a masu aikin rage tumbi, kashi 5 kacal a masu magani zalla. Na lura fa 29 ba 100 ba ce, na riƙe wannan a raina. Sannan a 2019 daga wannan asibitin dai aka kwatanta masu suga da ƙiba sama da 2,000 da aka yi wa aiki da wasu sama da 11,000 da ba a yi wa ba, aka ga manyan matsaloli irin su bugun zuciya da gazawar zuciya da shanyewar jiki da lalacewar ƙoda da mutuwa sun ragu da kashi 39.

Maigida shi ya fi kowa tsoro. Ya ce ke yanzu in kika shiga ba ki fito ba fa, me zan ce wa yaran nan. Muka je tare wajen likitan tiyatar, shi kuma bai ɓoye mana komai ba, ya ce ana iya zubar jini, ɗinki na iya yoyo, jini na iya daskarewa a ƙafa ya tafi huhu, ana mutuwa ma amma a hannun ƙwararru bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, nesa ma. Ya ce Alhaji ka auna wannan da haɗarin barinta a haka shekara goma masu zuwa. A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana, sai da muka kusa gida ya ce to Allah Ya sa shi ne mafi alheri.

Aiki iri biyu aka ba ni zaɓi. Na farko, wato rage tumbi, a cire wajen kashi 80 na tumbi a bar shi siriri kamar hannun riga. Na biyu, wato karkatar da hanji, a yanki ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, bai fi girman ƙwai ba, a jawo ƙaramin hanji a haɗa da shi, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Saboda sugana ya daɗe kuma ina fama da ƙwannafi, shi kuma na farkon yana iya ƙara ƙwannafi, aka ce na biyun ya fi dacewa da ni. Sati biyu kafin aiki aka ɗora ni kan abinci ɗan kaɗan mai ruwa-ruwa don hanta ta ƙanƙance likita ya samu wurin aiki, waɗannan sati biyun sun fi min wahala a kan aikin kansa gaskiya. Ba a tsaga ciki ba, 'yan ƙananan huji biyar aka yi aka shiga da kyamara.

Kwana biyu bayan aiki nas ta zo ta huda min yatsa, ta duba ta ce yau ba allura. Na ce ba allura kamar ya? Ta nuna min na'urar. Da yamma ta sake aunawa, haka. Washegari haka. Na hau sikeli kilo biyu ko uku kawai suka tafi, har yanzu ni ce dai mai ƙibar nan da rigar asibiti ba ta rufe ta, amma sugan da na shekara shida ina kokawa da shi ya kwanta. Tun daga ranar har yau da nake rubutun nan allurar insulin ba ta sake shiga jikina ba.

Na tambayi likita ya aka yi haka. Ya ce abu biyu ne suka haɗu. Ƙarancin abincin da nake ci tun sati biyu kafin aiki ya sa hanta ta fara zubar da kitsenta, ita kuwa hanta da wuri take dawowa tana jin maganar insulin, sai ta daina zuba suga a jini ba dalili. Na biyu, yanzu abinci yana isa can ƙasan hanji da sauri, a can akwai ƙwayoyin halitta masu sakin wani sinadari GLP-1, shi ke zaburar da fankiriyas ta saki insulin a kan lokaci kuma shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, bayan aikin yana ninkuwa sosai in an ci abinci. Shi ne ma sinadarin da alluran rage ƙiba na yanzu irin su Ozempic ke kwaikwaya. Ita kuma tsoka sai a hankali take dawowa tana amsa sallama yayin da nauyi ke sauka. Ni abin da na ji a jikina shi ne yunwar nan ta tafi, yunwar da ke tashina da tsakar dare, wadda ko na ci na ƙoshi tana nan a bayan kaina tana kira. Shiru kawai. A nan na yarda cewa abin da na yi shekara ashirin ina zagin kaina a kai ba halina ba ne.

Amma ba zan yi muku ƙarya in ce daɗi zalla ba ne. Watan farko cokali uku in na ci sai in ji kamar an cusa min dutse a ƙirji, na yi amai ba adadi kafin na koyi tauna abu har ya zama ruwa da kuma raba ci da sha. Ranar da na ɗan sha wani abu mai zaƙi, minti ashirin ba a yi ba zufa ta karyo min zuciya na bugawa kamar za ta fito ga jiri ga murɗar ciki, na ɗauka irin na Yaya ne ya zo, ashe zaƙin ne ya faɗa hanji gaba ɗaya lokaci guda, abu ne sananne ga masu irin aikina. Wata na huɗu gashina ya riƙa zuba, in na taje kai sai in ga matajin ya cika, ya dawo daga baya amma na yi kuka a kansa. A shekara ta biyu na yi sakaci da bitamin ɗina na 'yan watanni saboda ina jin garau, sai ga kasala da haki, aka auna aka ce ƙarancin jini, sai da aka ƙara min sinadarin ƙarfe ta jijiya. Laifina ne wannan, an gaya min tun farko cewa ɓangaren hanjin da aka tsallake shi ya fi tsotsar ƙarfe da kalsiyam, bitamin B12 ma ba ya shiga yadda ya kamata, don haka bitamin har ƙarshen rayuwa ne. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac an hana ni saboda suna iya jawo gyambo a wurin ɗinkin. Fatar da ta saki a ciki da damtse tana nan, ina ganinta kullum. Masu niyyar haihuwa kuma ana ce musu su jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin su ɗauki ciki.

Akwai kuma wani abu da ba wanda ya shirya ni a kansa, kaɗaici wajen cin abinci. Kowa na ci ana hira ke kin gama tun loma ta biyar kina zaune. Da can in raina ya ɓaci abinci nake nufa, yanzu ƙofar nan ta rufe, sai da na koyi zama da ɓacin raina ido da ido, kuma na ga likitan ƙwaƙwalwa sau da dama a kan haka ban ji kunya ba.

Wata uku bayan aiki HbA1c ya dawo 6.8, a shekara ɗaya 5.9 ba tare da ko metformin ba. Nauyi ya tsaya a 79 wajen wata na sha huɗu. Ƙwayoyin hawan jini daga uku suka koma ɗaya, tiragilisarayid ya sauka, kolestarol mai kyau ya hau, munshari ya tafi har maigida ya ce daren farko da ya ji shiru sai da ya kai hannu hancina ya tabbatar ina numfashi. Baƙin wuyan nan ya washe da kansa ba soso ba sabulu. Ranar da na hau bene hawa uku ban tsaya ba na kira Mama a waya ina haki kaɗan ina dariya, ta ce Alhamdulillah ta fi sau goma.

Da na ce wa likitata to na warke kenan, sai ta ce a'a Hajiya, ba ma cewa warkewa, cewa muke ciwon ya lafa. Ta ce yana iya dawowa, musamman ga wanda sugansa ya daɗe ko ya riga ya fara allura kafin aiki kamar ni, saboda fankiriyas ta riga ta sha wuya, shi ya sa waɗanda aka yi wa da wuri suka fi samun lafawa mai ɗorewa. Wannan maganar ta yi min ciwo don na tuna shekarun da na ɓata ina jin kunya. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi tun 1991 ita ce BMI 40, ko 35 in akwai wani ciwo tare, a 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35 ko ba wani ciwo, 30 kuma ga mai suga. Ni tun ranar da aka ce ina da suga na cika sharaɗi, shekara shida ba wanda ya faɗa min kuma ni ma da an faɗa ƙila da na ƙi.

Maganin kolestarol ma na so in daina ta hana. Ta ce abin da ya riga ya taru a bangon jijiya cikin shekarun nan bai tafi don nauyi ya sauka ba, ga kuma tarihin gidanku, haɗarin ya ragu sosai amma bai koma sifili ba. Ina sha kullum da dare.

Yanzu nauyina 85, shida sun dawo a shekara biyun nan kuma an ce min hakan na faruwa, yunwa ma ta ɗan dawo amma irin wadda mutum ke iya yi wa magana ta ji. Awon ƙarshe HbA1c 6.3 ne, ya ɗan ɗaga, likita ta ce mu sa ido, in ya kai 6.5 za mu koma metformin kuma na ce mata to. Ina tafiyar minti arba'in kusan kullum, ina fara cin furotin kafin komai, bitamin ɗina na kusa da buroshin haƙori don kar in manta. Ƙanwata da ke bi min nauyinta ya kusa inda nake a da, wuyanta ma ya fara baƙin nan, na zaunar da ita na gaya mata duk abin da na rubuta a nan har da aman da zubar gashin, ban ce mata ta yi tiyata ba, na ce ta je a auna mata HbA1c da hawan jini da kolestarol ta tambayi likita duk hanyoyin da ake da su. Ta ce Yaya tsoro nake ji. Na ce na sani, ranar Talata zan zo in raka ki.